Ƙafar da Ba Ta Tsugunawa Ba Ta Warke Ba

Shugaban taro, malamaina, abokan aiki, jama'ar Tudun Wada. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, a gafarce ni in tafi kai tsaye.

Ba sai na ba ku tarihin asibitin da ke unguwar nan ba, ko yadda babban aikin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma Shika a 2005, kun fi ni sani. Kun kuma san yadda ake faɗuwa a garin nan na Zariya: magini ya sulluɓo daga kan tsani, yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, santsi ya kwashe tsohuwa a makewayi da asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta faɗuwa na kashe mutum 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Ni dai yau maganata a kan waɗanda suka rayu take, musamman wanda ƙashin cinyarsa ko na ƙwaurinsa ya karye, aka shiga da shi tiyata, aka sa ƙarfe, aka ɗinke, aka sallame shi.

Na daɗe ina jayayya da 'yan'uwana likitocin ƙashi kan inda aikinmu yake ƙarewa. A wurin da yawansu, in hoto ya nuna ƙashi ya kama, ciwo bai yi ruwa ba, majinyaci yana takawa, shi ke nan an gama. Ni kuwa na ce an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, kuma hujjata tana cikin gwiwa.

Ku ba ni hankalinku a nan. Ana auna lanƙwasawar gwiwa da digiri, miƙaƙƙiyar ƙafa ita ce sifili. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa na buƙatar wajen digiri 60 zuwa 70. Zama kan kujera da hawa matakala, wajen 90 zuwa 100. Littattafan da muka karanta an rubuta su ne a Ingila da Amurka, inda mutum ke cin abinci a tebur, ya zaga a zaune, ya kwana a gado mai tudu. Gwiwar da ta kai digiri 110 ta ishi mai irin wannan rayuwa. To amma tsuguno fa? Zaman tahiya fa, inda ɗuwawu ke sauka kan dunduniya? Waɗannan suna neman digiri 140 zuwa 150, wani lokaci har su wuce. Yanzu ku dubi yinin mutumin Tudun Wada. Da tsuguno yake shiga masai. A tsugune yake alwala. Raka'a 17 ke kansa ta farilla kullum, kowace da sujada biyu da zama a tsakani. A kan tabarma yake cin tuwo, a ƙasa yake gaida mahaifinsa. Matarsa a 'yar gajerar kujera take girki da wanki. Bakanike, makeri, baduku, mai faci, duk a ƙasa abincinsu yake. Idan muka sallami irin wannan mutum da digiri 90, muka rubuta a katinsa ya warke, mun mayar da shi gidan da ba zai iya zama cikinsa ba. Addini ya yi rangwame, yana iya salla a zaune, wannan babu ja. Sai dai duk wanda ya taɓa ganin magidanci ɗan shekara arba'in yana jan kujerar roba zuwa ƙarshen sahu, yana sunkuyar da kai kada a tambaye shi, ya san akwai abin da ya rasa wanda hoton ƙashi ba ya nunawa.

Kuma wannan asara ba a ɗakin tiyata take faruwa ba. A gida take faruwa, cikin makonni shida na farko. Tsokar cinya in ba ta aiki, cikin mako biyu za ka ga ta fara zubewa. Gwiwar da aka bari a miƙe, naman da ke kewaye da ita yakan manne ya sandare, bayan wata uku kuwa ba ta lanƙwasuwa sai da azaba, wani lokaci sai an sake komawa tiyata. Ga gudan jini da kan daskare a jijiyar ƙafar wanda ya daɗe a kwance, ya tafi huhu. Ga tsofaffi masu karayar ƙugu, waɗanda bincike a ƙasashe da dama ya nuna kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari nasu ba sa cika shekara, kwanciyar ce ke cinye da yawansu. Ƙarfen nan da muke zurawa cikin ɓargon cinya, wanda Gerhard Küntscher ya fara sawa a Kiel ta Jamus a 1939, amfaninsa shi ne majinyaci ya tashi da wuri. Mu kuma sai mu sa shi, mu miƙa mutum ga dangi masu ƙaunarsa, su shimfiɗa masa katifa a zaure, kowa ya zo dubiya ya ce, "Sannu, kada ka motsa ƙafar nan, Allah ya ƙara sauƙi." Ba laifinsu ba ne. Babu wanda ya zaunar da su ya nuna musu abin yi.

Abin yin kuwa ba ya neman na'ura. A naɗe zane a sa ƙarƙashin gwiwa, majinyaci ya danna shi har tsokar cinya ta ɗaure, ya ƙirga goma, ya saki. A zagaya tafin ƙafa da ɗankwali, ya riƙe bakin biyu yana janyo dunduniya a hankali kan tabarma. Ya riƙa kaɗa idon sawu sama da ƙasa. Ya koyi riƙe sanduna da ƙarfin hannu, kada ya rataya hammata a kansu. Yaushe zai ɗora nauyi, da kuma nawa, wannan hukuncin likitan da ya yi aikin ne, gwargwadon irin karayar. A ba shi wake, ƙwai, nono da kifi, ya ajiye taba, mai ciwon suga ya kula da sugansa.

Na san abin da za a ce mini: masu ɗori ne matsalar. Ban musa ɓarnar da ɗaurin karan ɗori da ƙarfi ke yi ba. A nan Zariya aka rubuta ta, Yakubu da Muhammad da Mabogunje sun buga nazari a 1995 kan yaran da aka yanke wa gaɓoɓi, ruɓewa bayan ɗori na cikin manyan dalilai. Amma shekara talatin muna zagin mai ɗori, ƙofarsa ba ta rabu da jama'a ba. Me ya sa? Yana zuwa gida. Yana taɓa ƙafar da hannunsa, ya gasa, ya ce taka in gani. Yana karɓar kuɗinsa kaɗan-kaɗan. Abin da muka bari shi ya ɗauka. Wasu kuma za su ce babu kuɗi, babu ma'aikata. Wanda ya iya samo kuɗin ƙarfe da ɗakin tiyata bai isa ya ce mini ma'aunin gwiwa na roba da tabarma sun gagare shi ba.

Ga abin da nake nema, kuma ba yau na fara nemansa ba. A haɗa kuɗin gashin ƙashi na wata uku cikin kuɗin tiyata tun farko. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani daga aljihun majinyaci yake fita, iyalin da suka sayar da gona ko babur don aiki ba za su sake ciro kuɗin zuwa gashi ba. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka sabunta dokarta a 2022, da takwararta ta Jihar Kaduna su ɗauki wannan a matsayin magani, su biya shi cikakke. A kawo gashi kusa da mutane. Mai ƙarfe a cinya ba zai shiga Keke Napep daga Tudun Wada, ya bi ta Kwangila da Samaru har Shika sau biyu a mako ba, balle a ce masa ya tafi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A ware ɗaki a ƙananan asibitocin Tudun Wada, Sabon Gari da cikin Birni, likitan gashi ya riƙa zagayawa, ma'aikatan lafiya na unguwa su bi gida-gida, mata su shiga wurin mata. A kira masu ɗori a koya musu alamomin da ba a kwana da su: ƙashi ya huda fata, yatsu sun yi sanyi ko sun yi baƙi, zafin da ke ƙaruwa bayan ɗauri. Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri kan farfaɗo da majinyata a Mayun 2023, Najeriya na cikinta, saboda haka ba baƙon abu nake roƙo ba.

Ga ɗalibaina da ke bayan ɗakin nan kuma, daga gobe duk katin da za ku rufe, ku rubuta digirin gwiwa da lamba, ku tambayi majinyaci irin makewayin gidansa da yadda yake zaman tahiya. In bai kai inda rayuwarsa ke nema ba, ku ba shi ranar dawowa.