Su Wane Ne Tsiraru a Idon Dokar Duniya?

Yau za mu bibiyi wata tambaya da ta daɗe tana wahalar da masana shari'a: wace al'umma ce doka za ta kira tsiraru?

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1919, manyan ƙasashe sun sa Poland ta rattaba hannu kan yarjejeniyar kare Yahudawa da Jamusawa da ke cikinta. A 1966 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tanadi sashe na 27 cikin yarjejeniyar 'yancin jama'a da siyasa, wanda ya hana a tauye wa tsiraru harshensu da addininsu da al'adarsu. Sai dai sashen bai faɗi su wane ne ba. A 1977 masanin Italiya, Francesco Capotorti, ya kawo ma'auni: 'yan ƙasa ne, ba su kai sauran yawa ba, ba su riƙe da ragamar iko, kuma suna son kiyaye abin da ya bambanta su.

Ku lura da batun iko, domin nan Afirka ta fi ba da darasi. A zamanin wariyar launin fata, Turawan Afirka ta Kudu ƙalilan ne, amma su ke danne mafi rinjaye. Bahaushe kuwa mai rinjaye ne a Kano da Damagaram, amma a zangon Kumasi yana cikin tsiraru. Iyakokin da mulkin mallaka ya shata su suka raba wannan matsayi.

A Najeriya, kwamitin Willink na 1957 ya saurari koken ƙananan ƙabilu masu tsoron danniya bayan 'yancin kai. Bai goyi bayan sababbin jihohi ba, ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Koken bai kwanta ba, har Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967.

Shugabannin Afirka sun ji tsoron ɓallewa. Shi ya sa a Alƙahira, a 1964, suka amince a bar iyakoki yadda aka gada, kuma yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta 1981 ta yi magana ne kan haƙƙin al'ummomi, ba ta ambaci tsiraru ba. Duk da haka, da ita aka yi wa makiyayan Endorois na Kenya adalci a 2010, kan korarsu daga gefen tafkin Bogoriya, aka kuma yi wa Ogiek na dajin Mau a 2017.

Masu sauraro, ƙidayar kawuna kaɗai ba ta nuna wanda ke buƙatar kariya. A duba wa ake kora daga ƙasar kakanninsa, wa ba a jin muryarsa a majalisa.