Na Zame Na Karye, Wa Zai Biya?

Wani mai sauraronmu daga Gagarawa ya ce ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ya taka baƙin man da wani makanike ya zubar a hanya, ya zame ya karye a hannu, ga shi lokacin girbi. Yana da hakki?

To Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kana da shi, domin a fiƙihun Malikiyya, wanda ya sa abin cutarwa a hanyar jama'a shi ke ɗaukar ɓarnar. Amma ƙara sai da hujja. Kada ka tsaya ga ɗori kaɗai, je asibitin Gumel a ba ka takardar likita, ka adana rasidan magani, ka nemi shaidu biyu tun ba su manta ba. Fara kai kuka wurin sarkin kasuwa a yi sulhu. In makaniken ya ƙi, sai gaban alƙali.