Labaran soyayyar da suka fara ginsar masu karatu

A 1991, lokacin da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, labarin 'yar masu kuɗi da ta nace wa talaka ya ja hankalin matasa daga Kano har Maraɗi. Auren dole kuwa shi ne ciwon da Balaraba Ramat Yakubu ta taɓo a Wa Zai Auri Jahila? a 1990.

Bayan shekaru sama da talatin, littattafan soyayya sun tashi daga rumfunan kasuwar Sabon Gari sun koma Wattpad da WhatsApp, amma wasu jigogin suna nan daram. Attajiri mai girman kai ya auri 'yar aikin gidansu. Kishiya ta garzaya wurin boka. An ƙulla auren kwangila na wata shida, shafi na ƙarshe kuma ga amarya da tagwaye. Tun daga babi na biyu mai karatu ya san inda za a sauka, shi ya sa da yawa ke tsallake irin waɗannan labarai. Wasu kuma littattafan batsa suke gudu, saboda tarbiyya.

Sai dai marubuta mata sun nuna akwai wata hanyar. A gasar Hikayata ta BBC Hausa ta farko a 2016, Aisha Muhammad Sabitu ce ta yi nasara da Sansani, labarin mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu.