Hanyar da Suka Biyo da Tambayar da Suka Ɗauka: Masu Neman Digirin Digirgir na Kimiyya a Dutsin-Ma da Kurfi



Maganata ta shafi masu neman digirin digirgir a kimiyyar sinadarai da fiziks da lissafi da ilimin halittu da na ƙwayoyin cuta a yankin Dutsin-Ma da Kurfi: daga ina suka fito, a kan me suke bincike, kuma me ya haɗa biyun. Hujjar da nake son kafawa guda ce. Sau da yawa ba matsalar da ke damun ƙasar nan ce ke zaɓa wa ɗalibi abin da zai bincika ba. Na'urar da hannunsa zai iya kaiwa gare ta ce ke zaɓa masa, sai hanyar karatun da ya biyo, sai kuma iyakar inda ƙafarsa za ta iya takawa ya dawo lafiya.

Kafin 2011, ɗan Kurfi ko ɗan Dutsin-Ma da ke son zurfafa karatun kimiyya sai ya yi ƙaura, ko Zariya, ko Kano, ko Sakkwato. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ma a Jami'ar Ahmadu Bello ya yi digirinsa na farko a fannin koyarwa da sinadarai, a can kuma ya yi na biyu a kan awon sinadarai, kafin siyasa ta ɗauke shi. Ƙaurar neman ilimi tsohuwar al'ada ce a ƙasar Katsina, domin Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732, a Alƙahira ya rasu a 1741. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma cikin jami'o'i tara da gwamnatin Goodluck Jonathan ta buɗe, shugabanta na farko kuwa, Farfesa James Ayatse, masanin sinadaran jikin halitta ne. A wannan shekara dai aka yi dokar da ta kafa asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund a siffarsa ta yau. Daga nan digirin digirgir ya zama abin da mutum zai yi tunaninsa yana zaune a garinsu.

Hanyoyin da suka biyo

Hanyar da ta fi jan hankalina ita ce ta malanta. Yaro ya gama sakandaren kimiyya, ya shiga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a nan Dutsin-Ma ya samu NCE, ya yi shekaru yana koyarwa a Kurfi ko Safana, sannan ya shiga jami'a daga aji biyu ya yi digirin koyarwa haɗe da sinadarai ko ilimin halittu. Kafin ya zo neman digiri na uku furfura ta fara fito masa, yana da iyali, yana da gona. Irin wannan ɗalibi yana da abin da ba a saye da kuɗi: ya san ƙauyuka, ya san yadda ake gaida dagaci kafin a ɗebi ruwan rijiyar garinsa, ya iya bayani har wanda bai je makaranta ba ya gane. Amma rabin digirinsa ya tafi a kan dabarun koyarwa, sa'o'in da ya yi a ɗakin gwaje-gwaje kaɗan ne, ilimin ƙididdiga kuma sai ya sake shi daga tushe. Ba laifinsa ba ne, tsarin karatun ne ya zo da haka. Laifin namu ne idan muka ɗauke shi muka yi kamar ba mu san da wannan giɓi ba.

Akwai wanda ya zo kai tsaye: ya fita da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa, jami'a ta riƙe shi ƙaramin malami. Ƙwaƙwalwarsa na da kaifi, yana karanta mujallun waje a intanet, sai dai darussan da aka ɗora masa da takardun jarrabawar ɗaruruwan ɗalibai su ne ke cinye ranarsa. Akwai kuma ma'aikacin ɗakin gwajin asibiti ko na hukumar ruwa da ya biyo ta babbar difloma. Shi hannu gare shi. Na'ura ba ta ba shi tsoro, kuma ya san lokacin da sakamakonta ba abin yarda ba ne.

Dukansu abu ɗaya ya haɗa su, kuma gara mu faɗe shi a fili. Malamin jami'a ba ya hawa matakin babban lakcara ba tare da wannan digiri ba. Saboda haka da yawa suna zuwa da buƙatar takarda kafin su zo da tambaya. Wanda ke gaggawar ƙarin girma, yana biyan kuɗin gwaji daga albashinsa, zai nemi aikin da ya tabbata zai ƙare cikin shekara uku ko huɗu. Bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na 2020, da na wata takwas a 2022, wa zai ga laifinsa?

Su ma masu duba aikin da tasu hanyar. Da dama daga cikin malaman kimiyya na jami'o'in Arewa sun yi nasu digirin a Malesiya da wasu ƙasashe da tallafin TETFund, a ɗakunan gwajin da wuta ba ta ɗaukewa. Sun dawo da ƙwarewa a kan na'urorin da babu su a nan. Ɗalibinsu sai ya gaji sunan fannin, bai gaji kayan aikin ba.

Abin da suke bincike a kai

Mu fara da itatuwan magani, domin nan ne aka fi cunkoso. Sabara, marke, gabaruwa, maɗaci, zogale, darbejiya, duk an jiƙa su an tace. Tsarin aikin sananne ne: a ɗebo ganye ko sassaƙe, a shanya a inuwa, a daka, a jiƙa a sinadari, a gwada ko akwai wasu rukunan sinadarai a ciki, a ɗiga ruwan a faranti mai ƙwayoyin cuta, a auna faɗin wurin da suka kasa tsirowa. Daga nan sai a rubuta cewa binciken ya gaskata masu maganin gargajiya. To, ai su ba su taɓa shakka ba. Wannan aiki ya isa digirin farko, ya isa na biyu in an kyautata shi. Na uku kuwa a nan ya kamata ya fara: wane sinadari ne takamaimai ke aikin, yaya ƙirarsa take, nawa ne ke warkarwa, nawa ne ke lalata hanta ko ƙoda? Tu Youyou ta Sin ba don ta nuna tazargade na maganin zazzaɓi aka ba ta kyautar Nobel a 2015 ba. Magabata sun san haka tun ɗaruruwan shekaru. An ba ta ne don ta ware sinadarin da ke kashe ƙwayar maleriya. A gida ma, maganin sikila na Niprisan da cibiyar NIPRD ta Abuja ta haɗa daga tsirrai, har da dawa a cikinsu, sai da ya bi matakin gwaji a jikin marasa lafiya. Ɗalibinmu yana tsayawa a faranti ne saboda na'urorin da ke bayyana ƙirar sinadari suna nesa, kuɗin aika samfur ɗaya kuma na iya lashe rabin albashi. Ya tafi har bakin rijiya, guga ce babu.

Na biyu a farin jini shi ne awon ƙarafa masu guba, irin su dalma, a ruwa da ƙasa da kayan lambu. Ba wanda zai raina wannan fanni bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Matsalar ita ce yadda ake yin awon. A ɗebi ruwa sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina, a kai wa na'ura a Zariya ko Kano, a jera lambobin kusa da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, a rufe kundi. Bayan shekara biyu wani ya sake zuwa wurin, bai san ainihin inda na farko ya tsaya ya ɗiba ba, ba kuma hanyarsu ɗaya ba. Sakamakon biyu ba sa haɗuwa, balle a ce abu yana ƙaruwa ko yana raguwa.

Ga Madatsar Zobe a bayan gidanmu, wadda aka gina a kan kogin Karaɗuwa aka kammala a 1983, kuma a 2021 aka ƙaddamar da aikin kai ruwanta garuruwa don sha. Ruwan da jama'a ke sha, ake kama karfasa da tarwaɗa a cikinsa, ake noman rani a gefensa da takin zamani da maganin feshi, ya fi ƙarfin ziyara biyu. Taki da ruwan sama ke wankowa yana ciyar da gansakuka. Laka tana cike gindin madatsa shekara bayan shekara. Katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya tana son ruwa mai kwanciya da ciyawa a gefe, daidai inda yara ke wanka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kundin digiri ne, amma sai an auna shi wata-wata, a wuri ɗaya, tsawon shekarun da suka fi zaman ɗalibi guda.

Masu fiziks sun fi karkata ga neman ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma da dalili. Dutsin-Ma da Kurfi a kan tsohon dutse suke zaune, ba a kan yashi mai riƙe ruwa ko'ina ba. Ruwan yana maƙale ne a tsagogin dutsen da kuma saman da ya rududduge, shi ya sa za a haƙa rijiyar burtsatse a samu ruwa, a matsa gaba kaɗan a haƙa a fito da ƙura. Ana tura lantarki cikin ƙasa a auna yadda take tare shi, daga nan a ƙiyasta inda tsagar take. Na'urar ba ta da tsada sosai, tana shiga bayan mota, shi ya sa kundaye suka yi yawa a kanta. Abin da bai yi yawa ba shi ne komawa a tambayi masu haƙa: inda aka nuna, an samu ruwan? A zurfin mita nawa? Ya ƙafe a watan Afrilu? Wasu kuma suna auna tururin da ke fita daga dutse da ruwan rijiya, kuma a nan Cibiyar Binciken Makamashi ta Zariya, wadda injinta na nukiliya ya fara aiki a 2004, babbar mafita ce ga wanda ya iya zirga-zirga.

Masu lissafi su ne suka fi kowa sauƙi, takarda da kwamfuta sun ishe su. Da yawa suna gina tsarin lissafi na yaɗuwar maleriya ko wata cuta, sai dai lambobin da suke zubawa a ciki daga mujallun wasu ƙasashe suke ɗebo su, alhali abokin aikinsu a sashen halittu, ƙofa biyu tsakani, yana da ƙidayar sauro da ta masu tsargiya a cikin durowa.

Iyakar da tsaro ya shata

Ba a rubuta matsalar tsaro a babin hanyoyin bincike, amma tana cikin kowane kundi. Dajin Rugu, wanda ya kamata ya zama makarantar mai ilimin tsirrai da dabbobi, ya zama wurin da ba a shiga. Ƙauyukan Safana da Batsari da Ɗanmusa da wasu na Kurfi, sai da shawara ake zuwansu. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, na tsawon watanni. Ɗalibi ya rasa yadda zai tura wa malaminsa babi. Sakamakon haka, mai binciken itatuwa yakan sayi sassaƙe a kasuwa, bai san daga wace bishiya aka sassaƙo ba, a wace ƙasa ta tsiro, a wane wata. Sinadaran da ke cikin itace kuwa suna canzawa da ƙasa da yanayi. Taswirar binciken yankin nan ta tattaru a cikin gari da bakin kwalta.

Ɓarnar ta kai har tushe. Makarantar da aka sace yara sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 ta kimiyya ce, kuma bayanta an rufe makarantun kwana. Daga irin waɗannan makarantu masu digirin digirgir na shekara goma sha biyar masu zuwa za su fito.

Abin da ke hannunmu

Ban ga amfanin jiran ranar da kowane sashe zai samu manyan na'urori ba. TETFund ta dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025, wato nauyin yaye masu digiri na uku ya ƙara dawowa gida, da kayan aikin da muke da su. Ga misalin abin da za mu iya koya: waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda aka saki a 2019 daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ishiyaku, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ayari ne ya yi shekaru a kan tambaya guda. Wannan salo ba ya buƙatar dala.

Sashe zai iya kafa tabbatattun wuraren ɗiban samfur a Zobe, a rubuta matsayinsu a taswira, a amince da hanyar awo ɗaya, duk ɗalibin da ya zo ya ɗora daga inda na baya ya tsaya, a adana ɗanyun lambobin ba wai kundin kawai ba. Duk ganyen da aka yi aiki da shi a ajiye busasshen reshensa da lamba da sunan garin da aka samo shi. Wanda ya biyo ta NCE a ba shi zangon karatu guda na aikin hannu da ƙididdiga kafin ya kare shawarar bincikensa, a kuma haɗa shi da wanda ya fito daga ɗakin gwajin asibiti: na farko ya buɗe ƙofar ƙauye, na biyu ya riƙe na'ura. Mai lissafi ya samu mai duba aiki na biyu daga sashen halittu. Masu fiziks kuma su fara da aiki mafi arha a cikin duka, wato bin kamfanonin haƙa da ofisoshin ruwa na ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi su tattara bayanan kowace rijiyar burtsatse: inda take, zurfinta, da ko ta ba da ruwa. Rijiyoyin da suka ƙi ba da ruwa su ne ba wanda ke ajiye labarinsu, kuma su ne za su nuna inda tsagar dutse ta ƙare.