Jawabi Kan Rabon Kira Tsakanin Ƙwaƙwalen Kwamfuta



Duk sa'ad da saƙo ya iso, katin sadarwa yakan katse wa ƙwaƙwalwar kwamfuta aiki domin ta karɓa. Waya mai gudun gigabit 10 tana iya kawo ƙananan saƙonni kusan miliyan 15 cikin daƙiƙa guda. In ƙwaƙwalwa ɗaya ke amsa kiran duka, sai cunkoso ya auku, wasu su makara, wasu su zube. Don haka Linux ke rarraba kiran. Amma fa in saƙo ya sauka nesa da manhajar da ke jiransa, jinkiri ya dawo. Wannan ya sa aka ƙara tsarin RFS a 2010. Kafin mu zargi waya, mu fara duba wannan rabo.