Lissafin Da Ke Tsare Gida Daga Gobara

Mai girma shugaban taro, malamanmu kuma iyayenmu, 'yan'uwa tsofaffin ɗaliban Sakandaren Gwamnati ta Rano, ina gaishe ku baki ɗaya.

Jawabina a kan wani darasi ne da yawancinmu muka haddace don jarrabawa kawai, wato lissafin wutar lantarki. Ga hunturu ya ƙarato, lokacin da gidaje da yawa ke jona hita don ɗumama ruwa, kuma lokacin da gobara ta fi yawa.

Mu tuna abubuwa uku, mu kwatanta da tankin ruwa. Ƙarfin da ke turo ruwa daga sama shi ne bolt. Yawan ruwan da ke gudu a bututu shi ne amfiya. Ƙuncin bututun shi ne turjiya, wadda ake aunawa da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm da ya bayyana wannan doka a 1827. In ka raba bolt da amfiya, ka sami turjiya. In ka ninka su, ka sami wat, wato ƙarfin da na'ura ke ci.

Ga misali. Wutar da KEDCO ke kawo mana, in ta cika, wajen bolt 230 ce. Dutsen guga mai jan amfiya 4.3 yana cin kusan wat 1,000, turjiyarsa kuma wajen om 53 ce. In ya yi awa ɗaya cur yana jan wuta, yunit ɗaya ya tafi a mita. Hita mai wat 2,000 kuwa tana jan amfiya 8.7.

To, soket ɗin bango na yau da kullum amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka, wato kusan wat 3,000. Hita da dutsen guga kaɗai sun cika shi. In uwargida ta ƙara risho na lantarki a kansa, an wuce iyaka. Zafin da waya ke yi kuma ba a hankali yake ƙaruwa ba: in amfiya ta ninka biyu, zafin ninka huɗu yake yi. Nan robar waya ke narkewa. Mai cire fiyus ya ɗaura waya a madadinsa ya kori mai gadin gidansa ne da kansa.

Masu sola a ƙauyukan Rano da Kibiya, kada ku ce batiri mai bolt 12 ba shi da haɗari. Kayan da ke cin wat 120 amfiya 10 suke ja daga batiri, alhali a wutar gari rabin amfiya ya ishe su. Don haka wayar batiri kauri take buƙata, ba siririyar wayar rediyo ba.

Roƙona shi ne, kowa in ya koma gida ko shago ya duba bayan kayansa, wat a rubuce yake. Ya haɗa jimla, ya raba da 230. In ta haura 13 a soket ɗaya, a rage. Rigakafi ya fi magani.

Malamanmu, Allah Ya saka muku da alheri. Allah Ya tsare mu da iyalanmu.