Idan Bakin Mahaifi Ya Ɗauke Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki



Cikin mutum uku da shanyewar ɓarin jiki ta kama, kusan ɗaya kan samu matsalar magana. Galibi waɗanda hannunsu da ƙafarsu na dama suka mutu ne, domin a yawancin mutane cibiyar magana tana hagun ƙwaƙwalwa, kuma hagun ne ke juya gefen dama na jiki. Likita Paul Broca na Faransa ya fara gano wurin a 1861, ta wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana fahimtar abin da ake faɗa masa.

A nan nake so mu tsaya. Baba bai zare ba, kuma ba iska ba ce. Ya san 'ya'yansa, ya san abin da yake so, kalmar ce ke kuɓuce masa. Abin da ke ci mini rai shi ne 'yan dubiya su cika ɗaki suna tambayar yara, "Ya ci abinci kuwa?", mai gidan yana zaune yana ji. Mutumin da ake neman shawararsa jiya, yau an mayar da shi kamar ba ya nan.

A ranar farko a garzaya asibiti. Hoton ƙwaƙwalwa ne ke nuna ko jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi, kuma allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da ita. A kuma duba haɗiyarsa kafin a ɗura masa kunu, domin shaƙewa na kai abinci huhu.

Bayan sallama, gashin ƙashi kowa ya san shi. Ƙwararrun gyaran magana kuwa 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, yawanci a manyan asibitoci. Idan kun sami ɗaya, ku roƙi ya koya wa wani cikin gida, tunda ku ne ke tare da Baba kullum. Ku kashe rediyo, mutum ɗaya ya yi magana, a gajarce, yana kallon fuskarsa. Ku yi tambayar da "i" ko "a'a" za ta amsa. Ku nuna buta, ku faɗi sunanta, ku jira. Jiran nan shi ne mafi wuya, amma kada ku cafe masa zance.

Za ku ga wanda ya kasa kiran sunan matarsa yana karanta Fatiha tiryan-tiryan, ko yana amsa gaisuwa. Abin da baki ya saba, da abin da ake rerawa, yakan tsira. Tun 1973 likitoci a Boston ta Amurka suka gina hanyar jinya a kan wannan: a rera gajeriyar jimla, a hankali a mayar da ita magana.

Sauƙi ya fi sauri a watanni uku zuwa shida na farko, sai dai yakan ci gaba har shekaru idan ba a daina ba. Idan kuka ga ya ƙi abinci, yana yawan hawaye, ku gaya wa likita, domin ciwon damuwa na biyo baya kuma yana da magani. Maganin hawan jini kuwa kada a ajiye shi don an ga sauƙi, domin shanyewar takan dawo.